Laburarena yana aiki a Linux, amma yana ƙin gano fayiloli a Windows

Malam, ka ce laburaren Python da kake rubutawa yana tafiya lafiya lau a Linux, amma masu Windows na ta kuka ba ya gano fayilolinsu, kuma kana tunanin ka riƙa musanya / da \ da kanka. Don Allah kar ka bi wannan hanyar.

Linux tana raba folda da /, Windows kuma da \. Bambancin ya samo asali ne tun MS-DOS 2.0 a 1983, lokacin da aka riga aka ware / don zaɓuɓɓukan umarni, sai aka ɗauki \ don raba folda. Amma Windows tana karɓar / a yawancin wurare, shi ya sa nake zargin matsalar tana wani gefen. Duba ko akwai inda ka rubuta split("/"). Idan mai amfani ya ba ka C:\Users\hotuna, wannan layin ba zai raba komai ba. Ka koma pathlib, sashen Python mai sarrafa hanyoyin fayiloli, wanda ya shigo Python 3.4: ka haɗa da Path(gida) / "bayanai.csv", ka ɗauki suna da .name. In za ka ajiye hanyar fayil cikin fayil ɗin saiti, yi amfani da as_posix(), wanda ke rubuta ta da /.

Sunayen fayilolin ma a lura da su. Windows ba ta yarda da : ko ? a suna, don haka fayil mai ɗauke da lokaci kamar 12:30 ba zai yiwu ba. Sunaye irin su CON da NUL ma haramun ne, ga kuma tsohuwar iyakar haruffa 260 ta tsawon hanyar fayil. Ka sa gwajinka ya riƙa gudana a kan Windows a GitHub Actions (tsarin GitHub mai gudanar da gwaji da kansa) kafin kowane sakin sabon salo.