Kafin ka cire jarin shago ka sayi BMW mai ƙofa biyu

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, Ghana. Ƙanina da ke Amurka ya ga BMW 335i mai ƙofa biyu, ƙirar 2008, a wurin gwanjo. Ya ce lafiyarta ƙalau, ɗan bugu ne kawai a gaba. In na tura sidi 120,000 daga jarin shago zai saya ya ɗoro ta a jirgi. Niyyata in riƙa ba masu biki haya a zango, bayan shekara in sayar da riba. Ya kake gani?

Amsa: Alhaji, na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman hujja ɗaya a kan lafiyar motar nan, ban samu komai ba sai "ƙanina ya ce". Nan matsalarka take. Ban ce ƙaninka macuci ne ba, Allah ya kiyaye. Amma makanike ne shi? Ya tayar da injin? Ya sa mata kwamfutar gwaji? Yawancin masu sayen motar gwanjo hoto suke gani su taya. Kai da ba ka karɓar dilar atamfa sai ka kwance ka taɓa, yau za ka saki kuɗin shekaru a kan hoto?

Kuma wace mota! Injin N54 ke cikinta, silinda shida da tobo (na'urar ƙara wa inji ƙarfi) biyu. Akwai daɗin tuƙi, akwai cin aljihu. Famfon da ke tura mai da ƙarfi ya yi ƙaurin suna, har kamfanin ya kira motocin gyara a Amurka a 2010 saboda shi. Famfon ruwanta na lantarki ne, ba ya sallama in zai mutu. Kana cikin cunkoson Adum da rana tsaka sai inji ya ɗau zafi, in direba ya yi gardama ya ci gaba, injin zai iya lalacewa gaba ɗaya. Ga nozul-nozul shida masu tsada, ga yoyon baƙin mai ta gaskit, ga tobo da ke fara kwaramniya in ya tsufa. Wannan duk a motar da ba ta taɓa karo ba ke nan. Taka an buge ta a gaba, daidai inda lagireto yake.

Na san wani mai sayar da kayan masarufi a Aboabo da surukinsa ya aiko masa da irin wannan. Wata biyu ya hau ta. Sauran watannin tana Suame Magazin, unguwar makanikai, ƙarƙashin tamfol, ana jiran kaya daga waje. Duk Juma'a sai ya ɗebi cinikin shago ya kai wa mai gyara, har kantoci suka yi fayau. Abin da ya fi ba ni takaici, bai iya buɗe baki ya tuhumi surukin ba, don gidan aurensa zai taɓa. Kuɗin da ya bi ta hannun ɗan'uwa babu takarda, ba ka da bakin tambayarsa.

Lissafinka ma ya tsaya a rabin hanya. Ina kuɗin fito a tashar jiragen ruwa ta Tema? Mota ta haura shekara 10, kwastan na ɗora tarar tsufa, taka kuwa ta wuce nan da nisa. Irin wannan mota ni ba na taɓa ta sai ina da aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinta a gefe don gyara.

Batun haya kuwa, amarya da gwaggwaronta da ƙawaye uku ta ina za su shiga mota mai ƙofa biyu? Ga ta a ƙasa-ƙasa, lungunan Sabon Zango za su cinye mata ciki. Ranar sayarwa kuma masu neman Corolla sun cika gari, mai neman wannan sai ka yi wata da watanni kana jira.

In zuciyarka ta nace, ce wa ƙaninka ya turo lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, a ciro tarihin motar, a biya makanike can da ba ruwansa da cinikin ya duba ta ya rubuta. Ku rubuta wa zai ɗauki asara in ta iso da ciwo, ku sa hannu gaban shaida. Kuɗin kuma ya fito daga ribar da ka ware, kada ka taɓa na saro kayan sallah.