Hukuncin Taron Tunawa da Kakata Malamar Firamare

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim nake rubuto maka. Kakata ta rasu bara. Ta fara koyarwa a firamaren garinmu a 1976, lokacin da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta, ta shekara 35 da alli a hannu. Tsofaffin ɗalibanta sun haɗa kuɗi za a yi taro ranar da ta cika shekara, a dafa abinci, a karanta tarihinta. Wani kawuna ya ce bidi'a ce, kuma wai karatun boko ba ya kai lada kabari. Yaya abin yake?

AMSA: Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. 'Yata, zan fara da maganar kawunki ta biyu, domin ita ta fi tsaya mini a rai.

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari da ke yi masa addu'a. Babu jayayya ilimin addini shi ne kan gaba, amma lafazin hadisin bai keɓe shi ba, sharaɗin da aka ambata shi ne amfani. Matar da ta kama hannun yaro ɗan shekara shida, yana zaune a kan tabarma, ta nuna masa yadda ake riƙe fensir, yau yaron nan shi ke duba marasa lafiya a asibiti, ko yake karanta wa mahaifinsa takardar gona kada a cuce shi, ina kyautata zaton tana da rabo a ladan, gwargwadon niyyarta.

Ambaton alherinta ma babu laifi. A Bukhari da Muslim, an wuce da wata gawa sahabbai suka yabe ta, Annabi (SAW) ya ce ta tabbata, wato Aljanna ga mamacin, sannan ya ce su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Shi kansa yakan yawaita ambaton Nana Khadija bayan rasuwarta, idan ya yanka akuya ya aika wa ƙawayenta. A ƙasarmu Nana Asma'u ta yi wa mamata marsiyya. Saboda haka ku rubuta tarihinta jikoki su karanta, amma kada a ƙara gishiri, kada kuma a yanke mata Aljanna, fata ake yi.

Inda kawunki ya yi gaskiya shi ne tsayar da ranar rasuwa a mayar da ita taron shekara-shekara da nufin ibada. Wannan bai zo daga Annabi ko sahabbai ba, kuma Jarir ɗan Abdullahi ya ce suna ɗaukar taruwa a gidan mamaci da girka abinci bayan binnewa a matsayin kukan mutuwa da aka hana. Na san akwai malaman da suka sassauta idan taron addu'a ne kawai, don haka kada a yi gaba da juna a kai. Ni dai abin da na rinjayar shi ne barinsa.

Kuɗin da aka tara kuwa, ku fara bincika ko akwai bashi a kanta, ko da zubin adashi ne, a biya. Ragowar ku dubi Sa'adu ɗan Ubada: mahaifiyarsa ta rasu, ya tambayi wace sadaka ta fi, Annabi ya ce ruwa, sai ya haƙa mata rijiya. Ku tona rijiya a makarantar da ta koyar, ko ku gyara rufin ajin da ke yoyo da damina. Kada a taɓa gadonta a wannan aiki sai da yardar magada baligai, kason marayu kuwa ba a taɓa shi ko kaɗan.

Allah ne mafi sani.