Shirin shiga dajin redwud na Kalifoniya

Tambaya: Malam, ɗana da ke karatu a Amurka zai kai ni dajin redwud (dogayen bishiyoyi masu jan katako). Me zan tanada? Mai karatu, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Alhaji, fara da rigar sanyi da ta ruwa, domin hazon teku kan lulluɓe dajin ko a watan Yuli. Takalminka ya zama mai kama ƙasa, turbar na da santsi.

Wasu bishiyoyin sun haura mita 100 a tsayi da shekara 2,000 a duniya, amma saiwarsu a kusa da doron ƙasa ta bazu. Yawan takawa na cutar da ita, don Allah kada ka sauka daga turba. Sabis ɗin waya yakan ɗauke, ku sauke taswira tun a gida. In Muir Woods za ku, wato dajin redwud da ke kusa da birnin San Francisco, sai an kama wurin ajiye mota ta intanet tukuna.