Injina ba shi da makunnin iyaka, yaya zan mayar da shi mafari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramin injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, samfurin 3018, wanda nake zana allunan suna da shi a Kano. Ba shi da makunnan da ke sanar da shi ya kai bango, kuma duk ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki sai katakon ya tashi a banza. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Injin nan ba ya ganin inda yake, taku kawai yake ƙirgawa, kuma manhajar GRBL da ke cikinsa tana ɗaukar duk wurin da aka kunna ta a matsayin sifili. Saboda haka aikinka shi ne ka ba shi wuri guda wanda ba ya sauyawa.

Kafin ka kunna shi, ka murɗa sandunan X da Y (masu tafiyar da shi hagu da dama, gaba da baya) da hannu a hankali har kowanne ya jingina da ƙarshen hanyarsa a kusurwa ɗaya, ka ɗaga Z (mai hawa da sauka) sama har ƙarshe, sannan ka ba shi wuta. Daga nan ka kai bakin yankan inda aikin zai fara, ka rubuta G10 L20 P1 X0 Y0 Z0, umarnin da ke mayar da wurin ya zama sifilin aikin. Wannan umarni yana zama a ƙwaƙwalwar injin ko da wuta ta tafi, saɓanin G92 da mutane suka fi sabawa da shi, wanda ke gushewa. Ka bar $22, saitin da ke ba injin damar neman mafarinsa da makunnai, a kan 0, kuma ka sani cewa $20, saitin da ke hana shi wuce iyaka, ba zai karɓu ba sai an kunna $22, don haka idonka ne kaɗai zai hana injin dukan bango.

Dabarar da na fi amincewa da ita kuwa ita ce ka huda ɗan rami a katakon shimfiɗa, a wajen aikin, ka rubuta lambobin wurinsa da fensir a gefensa. Idan wuta ta dawo, ka sake jingina shi a kusurwar nan kafin ka kunna, ka tura shi zuwa lambobin da ka rubuta, sannan ka sauko da bakin a hankali. In ya shige ramin ba tare da ya goga gefe ba, ka ci gaba da aikinka. Za a iya samun ɗan sauyi, domin motar kan zabura zuwa cikakken taku idan aka kunna ta, amma a yawancin irin wannan inji taku ɗaya milimita 0.02 ne, wanda ido ba zai kama a katako ba.

Idan ka fara zanen allon lantarki ko tagulla, ka sayi ƙananan makunnai uku, ka mayar da $22 zuwa 1, ka bar $H, umarnin da ke mayar da injin mafari, ya yi maka wannan wahalar.