Tambayi Makanike: But ɗin motata ya ƙi buɗuwa, kuma kayan lefe na ciki

TAMBAYA: Salamu alaikum Oga, dan Allah a taimaka min da shawara cikin gaggawa. Ina da Toyota Camry 2005 ƴar Amurka, wacce ake ce ma Big Daddy. Jiya mun je kasuwan Sabon Gari ni da yayata mun ƙarasa sayayyan lefen ƙaninmu, muka cusa akwatuna uku da atamfofi da ledoji a but, sai da na danna da ƙarfi kafin ya rufu. Da muka iso gida Tudun Wada na ja liban da ke gefen kujeran direba, shiru. Na sa makulli shima ya ƙi juyawa sosai, har ina jin kamar zai karye. Rimot ɗin dama ya daɗe da mutuwa. Wani maƙwabci ya ce a sa ƙarfen cire taya a ɓanɓare, ni dai hankalina bai kwanta ba. Ranan Asabar za a kai lefen. Ya zan yi? Daga mai karatunku a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri a wannan aure. Kafin komai, dan Allah ka ba maƙwabcin nan haƙuri ya mayar da ƙarfensa. Na taɓa karɓar wata mota a gareji da mai ita ya yi wannan aika-aikar, bakin murfin ya lanƙwashe, fenti ya ɓare, robar da ke zagaye da but ɗin ta yage, kuma duk da haka bai buɗu ba sai da muka shiga ta ciki. Daga baya ya dawo a watan Agusta ruwan sama ya cika ramin safaya taf, jak da sifana duk sun yi tsatsa, ga hayaƙin salansa yana shigowa cikin mota ta wannan kafar, wanda shi ne ma ya fi tayar min da hankali don yana ɗaukar yara zuwa makaranta. Garin neman gira aka rasa ido kenan.

Bari in ɗan nuna maka yadda abin yake daga ciki, don in ka gane shi ka gama rabin aiki. A jikin murfin akwai lok, cikinsa akwai wata ƙugiya da ke cafke wani lanƙwasashen ƙarfe da aka ɗaure a jikin motar. To hanyoyin da ke sa ƙugiyar nan ta saki su ne makulli, wanda ke tura wani siririn ƙarfe, sai libar gefen direba wadda ke jan kebul irin na birkin keke tun daga gaba har baya, sai kuma rimot a motocin da ke da shi, shi kuma wani ɗan ƙaramin inji ne na lantarki ke ja. Duk wuri ɗaya suke zuwa. Shi ya sa da ka ce liba ta ƙi, makulli ma ya yi tauri, a rana ɗaya, kuma bayan ka danne kaya da ƙarfi, ni zuciyata ta fi ba ni cewa babu abin da ya lalace. Kayan ne ke turo murfin sama, ƙugiyar ta matse da ƙarfen ta kasa zamewa, ko kuma hannun leda ko bakin atamfa ko igiyar akwati ya shige cikin lok ɗin ya cushe.

Abin da za ka fara yi ba ya cin ko kwabo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ka nemo mutum ɗaya ya tsaya a baya ya ɗora tafukan hannunsa biyu a bakin murfin daidai saitin lok, ba tsakiyar murfin ba don kar ya lotsa, ya danna ƙasa da nauyin jikinsa, kai kuma a daidai lokacin ka ja libar ka riƙe, shi kuma ya ɗan jijjiga, ya danna ya saki ya danna ya saki, sannan ya ɗaga. Wallahi sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, za ka ji ƙas ya buɗe. In bai yi ba, ka tayar da motar a layin da babu mutane, ka ɗan yi gaba a hankali ka taka birki, sau biyu ko uku, kayan za su gusa gaba su rage matsa wa lok ɗin, sai a sake gwada dannawar.

Makullin kuma ka bi shi a hankali, kar ka sa fulaya ka murɗa. In ya karye a ciki an koma wani babin. Ka duba ma wane makulli ne a hannunka, don motocin nan sukan zo da makulli iri biyu, akwai babba mai buɗe ko'ina, akwai kuma wanda aka yi don a ba mai wanki ko mai ajiye mota, yana tayar da inji yana buɗe ƙofa amma ba ya buɗe but, da gangan aka yi shi haka. Mutane da yawa da suka sayi mota ƴar Kwatano wannan ƙaramin aka miƙa musu ba su sani ba. Sannan ramin makullin but yawanci shekara da shekaru ba a taɓa shi tunda liba na aiki, ƙurar hunturun Zariya ta shiga ta daskare. Ka fesa masa WD-40, wato man feshin nan na gwangwani mai sassauta tsatsa, ka jira kamar minti goma, ka rinƙa sa makullin kana zarewa kana gogewa. In babu, ka goga bakin fensir a haƙoran makullin, yana sa santsi. Amma banda baƙin mai, banda man gyaɗa, yau za su yi laushi gobe su kama ƙura su zama kamar kwaɓaɓɓen laka.

Akwai kuma wani abu a Camry irin taka da ke rikita mutane sosai. In aka sa babban makulli a ramin but aka murɗa hagu har ƙarshe aka zare, an kulle libar ciki kenan, ko ka ja ta sau ɗari ba za ta buɗe ba. Tunda kana ta gwada makulli a daren jiya, mai yiwuwa ka murɗa shi can ba ka lura ba, to ka mayar da shi ka murɗa dama. Ka kuma lura da yadda libar take a hannunka. In ta yi sakwaf babu nauyi ko kaɗan, ko dai wannan kullewar ce ko kebul ya tsinke ko ya fita daga mazauninsa. In kuwa tana da nauyi kana jin tana jan abu, kebul lafiya lau, matsalar na can baya.

To in duk wannan bai yi ba sai a shiga ta kujerar baya. Wasu motocin akwai maɓalli a kafaɗar kujera da za ka taɓa ta kwanto, wasu sai da makulli, wasu kuma abin jan yana cikin but ɗin ne ko an kulle ta daga can. In taka ta ƙi kwantowa kar ka fizge ta, makanike zai ɗaga mazaunin ya kwance kusoshin da ke riƙe da majinginar, aikin da bai fi rabin awa ba. Da an samu kafa sai a fara zaro ƙananan kaya ɗaya bayan ɗaya, ledoji da atamfofi, kuma ka shimfiɗa tsabtataccen zani a kan kujera, ka ce wanda zai taɓa ya wanke hannu, kayan amarya ne bai kamata tabon giris ya hau su ba. Sau da yawa rage kayan kaɗai ya isa libar ta kama aiki.

In har yanzu shiru, ka haska fitilar waya can ƙurya wajen lok. Dokar Amurka ta wajabta cewa duk ƙaramar mota mai but da aka ƙera daga 1 ga Satumba 2001 sai an sa mata abin buɗewa daga ciki, saboda yaran da suka rinƙa maƙalewa a but suna rasa rayukansu. Taka ƴar 2005 ce kuma ƴar Amurka, don haka za ka ga wani ɗan hannu na roba mai kalar ruwan ɗorawa ko kore-kore, yana ɗan haske a duhu. Ka lanƙwasa bakin doguwar waya mai kauri ka saƙalo shi ka ja, wani na danna murfin daga waje. Dan girman Allah kar a ce wani ƙaramin yaro ya rarrafa ciki wai don shi ne zai iya shiga, cikin but akwai zafi da ƙarancin iska, balle a ce motar ta wuni a rana. Kuma in an buɗe, ka tara yaran gidan ka nuna musu wannan hannun da yadda ake jan sa, ka gargaɗe su cewa but ba wurin wasan ɓuya ba ne. Wannan maganar ina yin ta ga duk mai mota da ya shigo wurina.

In an ja hannun ma ya ƙi, to wani abu ya cushe ko ya karye a cikin lok ɗin, nan kam aikin makanike ne, zai cire shimfiɗar jikin murfin ya kwance lok ɗin daga ciki, yawanci da sifana lamba 10. Huda murfi da dirili shi ne na ƙarshen ƙarshe, ni ban cika yarda da shi ba in dai ana iya shiga ta kujera.

Bayan ya buɗe kar ka yi saurin rufewa. Ka ciro duk wani zare ko leda da ke cikin ƙugiyar, ka wanke ta da feshi, ka shafa giris kaɗan. Sai ka gwada ta murfi na buɗe, ka tura jikin sukundireba cikin bakin ƙugiyar har ta yi ƙas ta kama, sannan a ja liba ka ga ko ta saki, a gwada da makulli ma. Sai ta yi sau uku lafiya sannan ka rufe. In ka ga sai an buga da ƙarfi yake rufuwa ko babu kaya, musamman in an taɓa bugun motar ta baya, to saitin ya goce, ka kai wa fanal bita ya daidaita. Ranar Asabar kuma akwati biyu a but, ɗaya a kujerar baya, ko a raba da wata motar.

TAMBAYA: Oga ni kuma BMW ce, na yi tafiya wata biyu na dawo batir ya mutu, aka ce min batirin yana cikin but, but ɗin kuma da lantarki yake buɗewa. Daga wata mai karatu a Samaru.

AMSA: Hajiya kwantar da hankalinki, masu ƙera ta sun san haka za ta faru. Ki duba jikin rimot ɗin, in irin wanda ba a ganin ƙarfe ne akwai ɗan makulli a ɓoye a ciki, ki zaro shi ki buɗe ƙofar direba, sai ki ja libar bonet. A wajen inji akwai wurin jona waya da aka rufe da jan murfi mai alamar +, kusa da shi kuma akwai ƙarfen da ake kama ɗaya wayar. Ki kira mai riwaya ya zo da batir mai kyau ya jona a nan, ja a kan +, baƙa a jikin ƙarfen, ya kula sosai kar ya juya su don kwamfutar motocin nan ba ta jure wannan kuskuren kuma tana da tsada. Da wuta ta shiga sai ki danna maɓallin but. In ya ƙi duk da wutar, a duba fiyus, sannan a duba wayoyin da ke bi ta gefen hinjin murfin, wurin na yawan lanƙwasuwa kullum ana buɗewa ana rufewa har wayar ta karye a cikin robarta ba a gani daga waje.