Tambaya da Amsa: Sabon Kakaki Zan Saya, Ko Ƙoƙon Busa Zan Sauya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mabushin kakakin Turawa ne a wata ƙungiyar badujala a Birnin Kebbi, muna busa a fareti da bukukuwa. Tun da na fara sauraron kiɗan jaz a YouTube, muryar kakakin Miles Davis ta shiga raina, wadda take fita a hankali kamar mutum yana magana ƙasa-ƙasa. Ina kuma sha'awar yadda Maynard Ferguson yake hawa can ƙololuwar murya. Kakakina na hannu ne, ya zo da ƙoƙon busa mai lamba 7C. Wani abokina ya ce in nemi ƙoƙo marar zurfi, wani kuma ya ce in tara kuɗi in sayi kakaki mai tsada. Wanne zan bi? (Mai karatu daga Birnin Kebbi)

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Mutanen nan biyu da ka ambata, taura biyu ce, kuma ba a tauna ta a baki ɗaya, domin kayan da suke sauƙaƙa muryar ɗayansu su ne suke wahalar da muryar ɗayan. Kafin ka fitar da ko sisi, ya kamata ka san abin da kowane ƙarfe yake yi wa iskar da kake hurawa.

Asalin sautin daga leɓɓanka yake. Idan ka haɗe su ka tura iska sai su yi ta karkarwa, wannan karkarwar ce take motsa iskar da ke cikin bututun. Haka abin yake ga mabusan kakakin fadar Sarkin Gwandu ko ta Sarkin Kabin Argungu, sai dai nasu dogo ne miƙaƙƙe ba shi da bawul, shi ya sa 'yan muryoyi kaɗan yake fitarwa. Naka kuwa bututu ne mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi da aka naɗe, aka sa masa bawul uku waɗanda suke ƙara wa hanyar iska tsawo idan an danna su. Ƙoƙon busa shi ne mahaɗa tsakanin naman bakinka da wannan bututun, saboda haka ɗan bambanci kaɗan a jikinsa yakan taɓa mabushi fiye da bambanci mai yawa a jikin kakakin.

Ka zare naka ka duba shi da kyau. Akwai gefen da leɓe yake zama a kai, akwai ramin da ke tsakiya, akwai ɗan siririn maƙogwaro a gindin ramin, sannan wutsiyar da take buɗewa a hankali har ta shige cikin kakaki. Lambar da ke jikinsa tsarin Vincent Bach ce, mutumin Ostiriya da ya koma Amurka ya fara ƙera waɗannan ƙoƙuna a birnin Niyok a 1918. A tsarinsa, adadi yana nuna faɗin ƙoƙo, kuma yana tafiya ne a juye: idan adadi ya ƙaru, faɗi raguwa yake yi. Kamfanin ya rubuta cewa faɗin 7C kimanin milimita 16.2 ne, na 1½C kuwa kimanin 17. Harafin da ke gefen adadin zurfi yake nunawa, A ya fi zurfi, C matsakaici ne, E da F kuwa kusan a shafe suke. Ka lura cewa tazarar duka ba ta kai milimita ɗaya ba, amma leɓe yana jin ta sarai. Ka kuma kiyaye cewa sauran kamfanoni suna da nasu tsarin lambobi dabam, don haka kada ka ɗauki lambar wani ka auna ta da ta wani.

Zurfin ramin shi ne ya fi shafar tambayarka. Idan ka sami ƙoƙuna biyu, mai zurfi da marar zurfi, ka buga gefen kowanne a tafin hannunka, za ka ji ɗan ƙara "fot", kuma na marar zurfin zai fi tashi sama. Wannan ƙaramin gwaji yana nuna maka ɓangaren sautin da kowane ƙoƙo yake ƙarfafawa. Marar zurfi yana fito da kaifin murya, yana kuma tallafar leɓe idan an hau sama, shi ya sa jagoran mabusa a babbar ƙungiyar jaz, wanda dole muryarsa ta keta ta mutum goma sha biyar ko fiye, yakan zaɓi irin ƙoƙon kamfanin Schilke mai lamba 14A4a. Ferguson ɗan Kanada da Cat Anderson na ƙungiyar Duke Ellington duk da ƙananan ƙoƙuna marasa zurfi suka yi suna. Abin da abokinka bai gaya maka ba shi ne farashin da ake biya: muryoyin ƙasa sukan yi siriri, busa a hankali takan yi wuya, kuma mai kaurin leɓe yakan ji leɓensa ya taɓo gindin ramin, sai sautin ya yanke ɗif a tsakiyar busa. Ƙoƙon ba ya ba mutum muryar da bai riga ya iya kaiwa ba, abin da yake yi kawai shi ne rage gajiyar zama a kanta.

Miles Davis ta ɗaya hanyar ya bi. Ƙoƙonsa samfurin Heim ne, mai zurfi, mai siffar mazurari, wanda yake tausasa farkon kowace murya ya kuma rage mata kaifi. Duk da haka ina ganin ƙoƙon ba shi ne kaso mafi girma na abin da ya burge ka ba. Tun yana yaro malaminsa Elwood Buchanan ya hana shi girgiza murya, sai ya saba da fitar da ita a miƙe, ya kuma saba da barin sarari tsakanin jimla da jimla. Sannan wannan siririyar murya mai ɗan zuza da aka fi saninsa da ita, daga matoshin Harmon take fitowa, wato wani gwangwanin alminiyam mai zobe mai laushi a wuyansa da ake cusawa a bakin kakaki har ya tare iska gaba ɗaya sai ta cikinsa. Miles yakan zare ɗan bututun da ke tsakiyar matoshin, ya matso dab da makirfo ya busa. Matoshin nan bai kai ko kusa da kuɗin sabon kakaki ba, kuma zai kai ka kusa da wannan murya fiye da duk wani abin da za ka iya saya.

Game da shawarar abokinka na biyu, ga hujjar da nake so ka auna. Miles Davis da Dizzy Gillespie da Chet Baker duk sun busa kakaki samfurin Martin Committee, amma duk wanda ya saurare su na minti ɗaya ba zai rikita ɗaya da ɗaya ba, domin Gillespie wuta yake zubawa cikin sauri, Baker kuwa kamar rera waƙa yake yi. Wannan ba ya nufin kakaki ba shi da tasiri. Faɗin bututu, wanda a yawancin kakakin zamani yake kusan milimita 11.7, da yadda bakin yake buɗewa, da nauyin ƙarfen, duk suna sauya yadda kakaki yake karɓar iska da yadda yake watsa sauti. Wynton Marsalis yana busa samfurin Monette mai nauyi ƙwarai, kuma muryarsa tana da kauri da tsayuwa. Shi ma Gillespie, bayan da wani ya faɗa wa kakakinsa a wajen bikin zagayowar haihuwar matarsa a Janairun 1953 bakin ya lanƙwashe ya kalli sama, ya ji daɗin yadda sautin yake iso masa kunne, har ya sa aka ƙera masa irinsa. Sai dai waɗannan bambance-bambance mabushin da ke bayan kakaki ya fi jin su fiye da mai sauraro da ke gaba, kuma sai wanda ya riga ya mallaki iskarsa yake cin moriyarsu.

Abin da ya fi kyau ka bincika a kakakinka na hannu shi ne ko yana yoyon iska. Ka ja ɗan lanƙwasasshen bututun bawul na biyu ba tare da ka danna bawul ɗin ba. Idan ya fita da ƙara, bawul ɗin yana riƙe iska. Idan ya zare shiru, to ya cinye, kuma babu ƙoƙon da zai gyara wannan. Ka duba ɗan abin toshewa mai laushi da ke jikin maɓallin zubar da ruwa ma, domin sau da yawa shi ne yake lalacewa a ɗora wa kakakin laifi.

Idan kakakin lafiyarsa lau, shawarata ita ce ka riƙe shi, ka sayi matoshin Harmon, sannan ka aro 3C ko wani ƙoƙo mai harafin B ka gwada. Kada ka yi tsalle zuwa mafi faɗi da zurfi, domin aikin da yake ciyar da kai fareti ne a cikin rana, kuma babban ƙoƙo yana cin ƙarfin leɓe da wuri. Kada kuma ka yanke hukunci a ranar farko. Sabon ƙoƙo yakan yi daɗi kwana biyu, sannan leɓe ya rikice, sai bayan makonni ake gane gaskiyarsa. Ka ajiye wayarka a can nesa da kai ka naɗi busarka da tsohon da kuma sabon, ka saurara daga baya, domin abin da kake ji ta ƙashin kanka ya bambanta da abin da jama'a suke ji.

Kan batun hawa sama, ina yi maka kashedi guda. Wanda ya gaji yakan danna ƙoƙo a leɓe da ƙarfi don muryar ta fita, kuma ƙoƙo mai siririn gefe yana yanka idan an yi haka. Louis Armstrong, wanda ya zo Najeriya ya yi wasa a 1960, ya sha fama da tsagewar leɓe tsawon rayuwarsa, Freddie Hubbard kuwa leɓensa ya tsage ya yi ruwa a 1992, bai kuma sake komawa ƙarfinsa na da ba. A hunturun ƙasarmu, da leɓe yake fashewa ko ba a busa ba, haɗarin ya ninka. Ka shafa man kaɗanya da dare, ka goge shi kafin ka fara busa don kada ƙoƙon ya riƙa zamewa, kuma idan ka ga jini ka huta har ya warke.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malama ce a wata makarantar sakandare a Gusau, ni ke kula da ƙungiyar busa. Za mu sayi kakaki huɗu, yara kuma sun nace sai masu ruwan azurfa, wai sun fi masu ruwan zinari zaƙin murya. Gaskiya ne? (Mai karatu daga Gusau)

AMSA: Barka kadai, Malama. Dukansu da tagulla ake ƙera su, yawanci kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 zink, abin da ya bambanta su shi ne shafen da ke sama (masu ruwan zinarin launi ne kawai, ba zinari na gaske ba). Mabusa da yawa suna cewa na azurfa ya fi kaifi, amma bambancin ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ba abin da za a ji a busar ɗan koyo ba ne. Na azurfa ya fi jure zufar hannu, sai dai yana baƙi idan ba a goge shi, kuma yakan fi tsada.

Da ni ne, masu ruwan zinari zan saya, in duba lafiyar bawul ɗinsu da kyau, rarar kuɗin kuma in saya wa kowane yaro ƙoƙonsa na kansa, 7C ko makamancinsa. Ƙoƙo ɗaya da yake yawo daga baki zuwa baki yana yaɗa mura da gyambon leɓe, yaro kuma ba ya sabawa idan kullum da wani dabam yake busa. Idan ƙoƙo na hannu za ki saya, ki duba gefensa: wanda shafen azurfarsa ya goge har tagullar ta bayyana, ki bar shi, domin yana sa leɓe ƙaiƙayi da ƙuraje. Ki haɗa da man bawul na ainihi, saboda ƙurar Gusau tana daskarar da bawul, kuma man keken ɗinki ko baƙin mai ƙara dagula shi suke yi. Ki kuma hana yaran buga ƙoƙo da tafin hannu bayan sun cusa shi, domin haka yake maƙalewa, kuma ranar da ya maƙale a kai wa mai gyara, kada a sa masa filaya.