Iskar hitar motata ta yi rauni kuma ba ta ɗumi: in bari a kwance dashbod?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A Jos nake zaune, motata Toyota Corolla ce 'yar Kwatano. Tun shigowar hunturu iskar da ke fitowa daga ramukan iska na dashbod ta ragu ƙwarai, fankar ba ta tashi sai na kai maɓallinta lamba 4, kuma ko na murɗa maɓallin zafi zuwa ja iskar ba ta ɗumi, ga gilashin gaba yana yin raɓa ta ciki da asuba. Bakanikena ya ce sai an kwance dashbod gaba ɗaya. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka yarda tukuna, domin abin da ka lissafa matsaloli ne daban-daban da suka haɗu, kuma yawancinsu ana gano su ba tare da an taɓa dashbod ba.

Fara da raunin iskar. A bayan akwatin ajiya da ke gaban kujerar fasinja akwai matatar da ke tace iskar da ke shiga cikin mota, wadda ƙurar hunturu ke toshewa cikin 'yan makonni. Ciro ta ka ɗaga ta wajen haske. In hasken bai ratsa ba, sauya ta. Ka kuma duba ramin shan iska da ke gindin gilashin gaba, inda ganye da sheƙar ɓera kan taru.

Fankar da ba ta aiki sai a lamba 4 ta riga ta nuna inda ciwon yake. Lamba 1 zuwa 3 suna bi ne ta wani ƙaramin abu mai rage ƙarfin wuta, wanda masu wayarin ke kira rizisto, ita kuwa lamba 4 kai-tsaye take kai wuta ga fanka. Saboda haka fiyus da fankar suna da rai, riziston ne ya ƙone, kuma sau da yawa toshewar matatar ce ke jawo hakan, tunda iskar da ke wucewa ita ce ke sanyaya shi. In aka sauya shi aka bar tsohuwar matata, sabon ma zai ƙone.

Rashin ɗumi shi ne ke buƙatar natsuwa. Hitar mota ƙaramin lagireto ne a cikin dashbod wanda ruwan injin mai zafi ke ratsawa. Da safe, injin na sanyi, duba yawan ruwan. Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto injin na da zafi, domin ruwan zai iya ƙona ka. Sannan ka tambaya ko akwai tamostat a motar, wato ƙaramin abin da ke daidaita zafin ruwan injin. Abin da ke damuna ƙwarai shi ne yadda bakanikai da yawa ke cire shi da sunan wai don ƙasar Turawa aka yi shi, alhali shi ne ke riƙe injin a kusan digiri 90, kuma in babu shi, a sanyin Jos ruwan ba zai yi zafin da hita ke buƙata ba, ga ƙarin shan mai.

In injin ya ɗauki zafi, taɓa tiyo biyu na ruwan hitar da suka ratsa bangon da ke tsakanin injin da cikin mota, a hankali. In ɗaya na da zafi ɗayan kuwa da sanyi-sanyi, tsatsa ta toshe hitar, galibi saboda zuba ruwan famfo zalla, kuma wanke ta da ruwa ta waɗannan tiyon kan wadatar. Kana iya tarar da an haɗe tiyon biyu da juna, an ware hitar tun kafin ka sayi motar. In duka biyun na da zafi amma iskar sanyi ce, ƙyauren da ke gauraya iska mai zafi da mai sanyi ne ya maƙale.

Raɓar gilashi kuwa, kashe maɓallin da ke juya iskar cikin mota, ka kunna na'urar sanyaya tare da hita, domin tana busar da iskar. Amma in raɓar na da maiƙo, kana jin wari mai zaƙi, kafet ɗin fasinja ya jiƙe kuma ruwan injin na raguwa, to hitar ce ke yoyo, kuma a nan ne maganar bakanikenka ta kwance dashbod take kan hanya.